Ladabin Neman Koyon Aikin Banki a Ƙasashen Waje

Wannan magana tawa da ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ta nan Katsina nake, masu sha'awar zuwa Landan koyon aiki a bankunan zuba jari. Waɗannan bankuna dillalai ne na manyan kuɗi. Citigroup da Deutsche Bank ne suka yi wa Nijeriya dillanci a 2011, sa'ad da ta ci bashin dala miliyan 500 a kasuwar duniya. Sukan ɗauki ɗalibai wajen mako 10, daga Yuni zuwa Agusta, amma sukan fara karɓar takardu kusan shekara guda kafin nan. Masu nema dubbai, gurabe kaɗan. Ba a fafe gora ranar tafiya.

To, samari, in kun sami wani ma'aikacinsu, ko wanda ya riga ku zuwa, kada ku yi masa gaisuwa da roƙon iri. Wasiƙar farko ta zama gajera: sunanka, abin da kake karantawa, da tambaya guda wadda ta nuna ka san aikinsa. Shawara za ka nema, kada ka ce ya sa ka aiki. In ya yanka maka lokaci, kada ka makara, kada ka zarce. Kashegari ka aika da godiya. In ya yi shiru, tuna masa sau ɗaya, ka ƙyale.

Ku tuna, wanda ya ambaci sunanka gaban manyansa mutuncinsa ya jinginar. Malamai, ku taya mu yi musu gargaɗi. Haza wasalam.