Farashin Mai Cin Ƙwallo: Abin Da Kulob Zai Auna Kafin Ya Sa Hannu

KEANA, Jihar Nasarawa — Sau uku tsakanin shekarar 2019 da ta 2025, ɗan wasan da ya fi cin ƙwallaye a babbar gasar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya ya fito ne daga kulob ɗin Nasarawa United na Lafiya. A 2019 Sunusi Ibrahim ya ci ƙwallaye 10, inda ya yi kunnen doki da Mfon Udoh. A kakar wasa ta 2020 zuwa 2021 Silas Nwankwo ya ci 19, daidai da Charles Atshimene na Akwa United. Sa'an nan a kakar 2024 zuwa 2025 Anas Yusuf ya ci 18.

To amma a dukkan waɗannan kakanni uku kofin gasar bai je Lafiya ba. Enyimba ce ta ɗauka a 2019, Akwa United a 2021, Remo Stars kuma a 2025. Hasali ma a 2023, watau shekaru biyu bayan bajintar Nwankwo, kulob ɗin ya faɗa rukuni na biyu, sai a 2024 ya sake hawowa.

Wannan al'amari ya shafi aljihun jama'a, domin kuwa kulob ɗin mallakar gwamnatin jiha ne. Laƙabinsa ma, Solid Miners, watau masu haƙar ma'adinai, ya samo asali daga kirarin da ake yi wa jihar saboda arzikin da ke ƙarƙashin ƙasarta, wanda gishirin Keana yake cikinsa. Duk Nairar da aka ƙara wa ɗan wasa tana fitowa daga baitulmali ɗaya da ke ɗaukar nauyin hanyoyi da makarantu da asibitocin Keana da Awe da Obi da Doma da sauran ƙananan hukumomin jihar. Saboda haka idan ɗan wasa ya haskaka, wakilinsa kuma ya zo neman babban kwantiragi, tambayar da ke gaban shugabannin kulob irin wadda ke gaban kowane ɗan kasuwa ce: shin abin da za a biya zai dawo?

Falken da ke sarin gishiri a Keana ya san cewa da rani ake dafa shi, ya kuma san cewa albarkar rani ɗaya ba ta isa a ɗaure farashin shekaru huɗu a kanta ba. Wannan ita ce ƙa'idar da masu harkar ƙwallo suka fi mancewa da ita. Kwantiragi yana biyan aikin da ɗan wasa zai yi nan gaba, alhali kuwa ƙwallayen da ake ƙirgawa na kakar da ta wuce ne.

Adadi Da Abin Da Ke Bayansa

Abu na farko da ya kamata a yi wa adadin ƙwallaye shi ne a raba shi da yawan wasanni. Wanda ya dubi 10 ɗin Sunusi ya kwatanta da 19 ɗin Nwankwo zai ɗauka cewa na biyun ya ninka na farkon. To amma gasar 2019 taƙaitacciya ce, an raba kulob-kulob gida biyu, kowane ya buga wasanni 22 a rukuninsa, yayin da a sauran kakannin biyu aka buga 38. Idan aka yi lissafi, dukkan 'yan wasan uku sun ci kusan ƙwallo ɗaya a kowane wasanni biyu da kulob ɗin ya buga. Mai sayen da bai yi wannan lissafi ba zai raina na farko, ya kuma tsawwala wa kansa a kan na biyu.

Bayan wannan sai a bi ƙwallayen ɗaya bayan ɗaya. Nawa ne daga bugun fenareti, wanda kowane ɗan wasan da aka ɗora wa bugun zai iya ci? Nawa aka ci a filin wasa na Lafiya, nawa kuma a waje? A gasar Nijeriya, inda aka daɗe da sanin cewa cin wasa a gidan wani abu ne mai wuya, ƙwallon da aka ci a Aba ko Fatakwal ko Kano ya fi bayyana ƙwarewa. Har ila yau akwai tambayar wane ne yake miƙo masa ƙwallon, domin sau da yawa idan aka raba ɗan wasan gaba da mai ciyar da shi, sai kasuwarsa ta faɗi.

Abu na biyu shi ne maimaitawa. Labarin Odion Ighalo ya isa misali. A kakar 2015 zuwa 2016 ya ci wa Watford ƙwallaye 15 a gasar Firimiya ta Ingila, mafi yawansu kafin ƙarshen watan Disamba. A watan Agusta na 2016 kulob ɗin ya ba shi sabon kwantiragi na shekaru biyar. Daga nan har zuwa Janairun 2017 ƙwallo ɗaya tak ya ci a gasar. Alamar raguwar ta riga ta bayyana tun a rabin kaka na biyu, kafin a sa hannu. Abin da ya fitar da Watford daga asara shi ne wani kulob na ƙasar Sin, Changchun Yatai, wanda ya saye shi a kan kuɗin da rahotanni suka ce fam miliyan 20 ne. Kulob ɗin da ke dogaro da kasafin kuɗin jiha bai kamata ya sa ran irin wannan sa'a ba.

Darasin Ahmed Musa

Babu ɗan wasan da ya fito daga gasar cikin gida a arewacin Nijeriya wanda cinikinsa ya fi koyar da darasi kamar Ahmed Musa. A kakar 2009 zuwa 2010 ya ci wa Kano Pillars ƙwallaye 18, adadin da babu wanda ya taɓa kaiwa a gasar kafin lokacin. Daga nan ya tafi VVV-Venlo ta ƙasar Holan, amma sai da ya cika shekara 18 a watan Oktoba na 2010 ya sami izinin buga wasa, saboda dokar hukumar FIFA ta hana cinikin yara zuwa ƙasashen waje. A Janairun 2012 ya koma CSKA Moscow, inda ya ɗauki kofin gasar Rasha sau uku. A 2014 kuma ya ci Ajantina ƙwallaye biyu a gasar cin kofin duniya.

Watau dai lokacin da Leicester City ta biya kimanin fam miliyan 16 a kansa a watan Yuli na 2016, babu mai cewa ta yi cinikin biri a sama. Ya maimaita bajintarsa a ƙasashe uku, shekarunsa 23, lafiyarsa ƙalau. Duk da haka ƙwallaye biyu kacal ya ci mata a gasar Firimiya.

Dalilin yana cikin abu na uku da ake aunawa, watau dacewa da tsarin wasan mai saye. Babban makamin Musa gudu ne, Leicester kuwa tana da Jamie Vardy wanda yake yin wannan aiki, kuma shi ne gwarzon da ya kai ta ga kofi a kakar da ta gabata. Kafin rufe kasuwar wannan bazara kulob ɗin ya sake sayen wani ɗan wasan gaba, Islam Slimani, a kan kuɗin da ya fi na Musa. A watan Fabrairu na 2017 aka sallami koci Claudio Ranieri wanda ya kawo shi, wanda ya gaje shi kuma bai cika sa shi a wasa ba. Hajar tana da kyau, sai dai an kai ta shagon da ba a bukatarta.

Abin da zai fi jan hankalin 'yan kasuwa shi ne yadda lissafin ya ƙare. A littafin kuɗi na kulob, kuɗin sayen ɗan wasa ana raba shi ne a kan shekarun kwantiraginsa. Na Musa shekaru huɗu ne, saboda haka kimanin fam miliyan huɗu ake cirewa kowace shekara, ban da albashi. Bayan shekaru biyu darajarsa a littafi ta koma rabi. A Janairun 2018 aka mayar da shi CSKA aro, a watan Yuni ya ci Iceland ƙwallaye biyu a gasar cin kofin duniya a Rasha, a watan Agusta kuma Al-Nassr ta Saudiyya ta saye shi a kan kuɗin da rahotanni suka nuna ya yi kusa da abin da Leicester ta biya. Abin da ya ceci cinikin shi ne abu na huɗu, shekaru. An saye shi yana da 23, aka sayar yana da 25, lokacin da har yanzu akwai masu nema. Da yana da shekara 30, da asarar ta tabbata.

Yadda Amurkawa Ke Auna Nasu

Wannan matsala ta adadi ɗaya mai ruɗi ba ta tsaya ga ƙwallon ƙafa da muka sani ba. A wasan ƙwallo irin na Amurka, wanda ake ɗaukar ƙwallon a hannu, akwai ɗan wasan baya wanda aikinsa shi ne ya kutsa ya kayar da madugun abokan hamayya kafin ya jefa ƙwallo. Tun 1982 hukumar gasar NFL take ƙirga wannan kayarwa a hukumance, kuma a kanta farashin irin waɗannan 'yan wasa ya daɗe yana tafiya, kamar yadda namu yake tafiya a kan ƙwallaye.

A 2008 Albert Haynesworth na kulob ɗin Tennessee ya yi kakar da ta fi kowace kyau a rayuwarsa, daidai lokacin da kwantiraginsa yake ƙarewa. A Fabrairun 2009 kulob ɗin Washington ya ba shi dala miliyan 100 na shekaru bakwai, miliyan 41 daga ciki tabbatattu ne ko ya yi wasa ko bai yi ba. Wasanni 20 ya buga musu, aka yi ta saɓani tsakaninsa da koci a kan sabon tsarin wasa, a 2011 aka rabu da shi.

Abin da masu kulob suka ƙara mai da hankali a kai yanzu shi ne ƙirga sau nawa ɗan wasa yake matsa wa madugu lamba ko da bai kayar da shi ba, domin wannan adadi ya fi yawa, ya kuma fi tsayawa daga kaka zuwa kaka. Wanda ya ci wannan jarrabawa shekara da shekaru yana samun kuɗi mai kauri. A watan Agusta na 2025 kulob ɗin Green Bay ya ba Micah Parsons kwantiragin da ya kai kimanin dala miliyan 47 a shekara, bayan ya yi kakanni huɗu a jere yana kayarwa aƙalla sau 12 a kowace. A waccan shekara iyakar albashin da aka yarje wa kowane kulob ya biya 'yan wasansa duka ita ce dala miliyan 279.2, watau mutum ɗaya ya kama kimanin kashi ɗaya bisa shida. Kwatankwacin wannan awo a ƙwallon ƙafa shi ne ƙirga sau nawa ɗan wasan gaba yake samun kansa a wurin cin ƙwallo, ko ta shiga ko ba ta shiga ba.

Haɗarin Ƙin Biya

Sai dai kuma rowa ma tana da nata farashi. Tun bayan hukuncin da kotun Turai ta yanke a shari'ar Jean-Marc Bosman a watan Disamba na 1995, ƙa'idar da ta bazu a duniya ita ce ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare yana iya tafiya ba tare da an biya kulob ɗinsa kuɗin saye ba. Dokar FIFA ta ba shi damar sa hannu da wani kulob idan saura wata shida kwantiraginsa ya ƙare. Kulob ɗin da ya saba ba 'yan wasa kwantiragin shekara ɗaya don gudun ɗawainiya, kamar yadda da yawa suke yi a Nijeriya, yana renon haja ne don wani ya ɗauka kyauta.

Kasuwar kuwa tana nan. Sunusi Ibrahim ya koma kulob ɗin Montreal na Kanada a 2021, Silas Nwankwo kuma ya tafi Mjallby ta ƙasar Suwidin a 2022. Ga kulob irin na Lafiya, wanda kuɗin ƙofa ba zai riƙe shi ba, matashin da ya fi kowa cin ƙwallo shi ne kadara mafi tsada da yake da ita.

Mafita tana cikin yadda aka tsara takardar. Dokar FIFA ta yarda a yi kwantiragi har na shekaru biyar, ko uku ga wanda bai kai 18 ba. Matashin da alamunsa suka bayyana, a ɗaure shi da wuri na shekaru uku ko huɗu, da albashi madaidaici wanda za a iya biya kowane wata ba tare da bashi ba, sa'an nan a ɗora ƙari a kan yawan wasannin da ya buga da ƙwallayen da ya ci. Ta haka babban kuɗi zai bi aikin da aka gani. Idan an tashi sayarwa, a sa sharaɗin cewa kulob yana da kaso a duk cinikin da za a yi nan gaba. Bugu da ƙari, dokar FIFA ta ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin cinikin ɗan wasa tsakanin ƙasashe domin kulob-kulob da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23, amma wanda ya ajiye takardun rajista daidai ne kaɗai yake iya karɓa.

Wanda kuwa shekarunsa suka ja, ko yake da tarihin rauni, ko kaka ɗaya kacal ya haskaka, gajeren kwantiragi mai damar sabuntawa ya fi dacewa da shi, komai ƙarar da magoya baya za su yi. Ba a fafe gora ranar tafiya: lokacin yin wannan lissafi shi ne tsakiyar kaka, kafin ɗan wasa ya karɓi kyautarsa, kafin kuma wakilai su fara zarya a Lafiya.