Ɓoyon Kaya a Kasuwar Wuta da Gas

Jama'a 'yan kasuwa da dillalai, ku sani ɓoyon kaya bai tsaya ga hatsi ba. Duk mun san mai tara gero da kaka, ya kulle sito sai damina. To wuta ba a ɗura ta a buhu, ƙaƙa ake ɓoye ta? Sai a tsayar da injin tasha a ce gyara ake yi, ko a rage gas ɗin da yake ci. Wuta ta yi ƙaranci, farashi ya hau.

Haka aka yi a Kalifoniya ta Amurka a 2000 da 2001, har da hannun kamfanin Enron. A 2005 majalisarsu ta yi dokar hana wannan maguɗi a cinikin wuta da gas, da tara har dala miliyan 1 kowace rana.

Mu nan gwamnati ke yanka farashi, saboda haka algus ɗin a mudu yake, wato bil na ƙiyasi ga marasa mita. A Fabrairun 2024 hukumar NERC ta ci kamfanonin raba wuta 11 tarar naira biliyan 10.5 a kan aringizon bil.

Abin ya shafe mu. In aka cuci mai injin niƙa a Bichi ko mai casar shinkafa a Dambatta, a kan buhunmu zai fanshe. Ku nemi mita, ku adana rasit, ku kai ƙara. Allah ya ba da kasuwa.