Lambobin Taswira: Yadda Ake Juya Su Daga Wani Rubutu Zuwa Wani

Tun da aka gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya ci garuruwa da gonaki masu yawa a ƙasar Yauri, mutane suka tashi suka sake mazauni. Saboda haka tsohon suna ko tsohuwar kuka ba su isa shaidar wuri ba. Abin da ma'aikatan safiyo ke dogara da shi lambobi ne guda biyu: na fari yana faɗin nisan wuri arewa da layin da ya raba duniya biyu, na biyu kuwa nisansa gabas da layin Girinic na Ingila. Wajibi ne hakimai da malamansu su fahimci rubutunsu.

Awon nan da digiri ake yinsa. Digiri ɗaya minti 60 ne, minti ɗaya kuma sakan 60. In an nufi arewa, digiri ɗaya kimanin kilomita 111 ne, minti ɗaya ya kusa kilomita 2, sakan ɗaya kamar mita 31.

Tsofaffin taswirori suna rubuta digiri da minti da sakan. Wayar hannu kuwa sau da yawa digiri kaɗai take nunawa, sa'an nan ɗigo, da waɗansu lambobi a bayansa. Ga yadda ake juyawa. Madatsar Kainji tana digiri 9, minti 51, sakan 45 arewa. A raba minti da 60, a sami 0.85. A raba sakan da 3,600, a sami 0.0125. A tara su da digiri, ya zama 9.8625. In ana so a komo, sai a ɗauki abin da ke bayan ɗigo, watau 0.8625, a ninka shi sau 60, a sami 51.75. Minti 51 ke nan. Ragowar 0.75 a sake ninka ta sau 60, ta ba da sakan 45.

Babban kuskure shi ne malami ya sa ɗigo tsakanin digiri da minti ba tare da lissafi ba. Yelwa tana wajen digiri 10 da minti 50 arewa, digiri 4 da minti 45 gabas, watau 10.83 da 4.75. Wanda ya rubuta 10.50 ya rage minti 20, ya kai wurin kudu da kilomita 37, can wajen Ngaski. Wanda ya rubuta 4.45 kuwa ya tura shi yamma fiye da kilomita 30, ya ƙetare Kogin Kwara. Da irin wannan ake haƙa rijiya a garin da bai roƙa ba, ko a yanke iyakar gona a fadamar wani.

Don haka ana roƙon kowane malami ya kwafi lamba daidai yadda ya same ta, da alamominta duka, ya fara da ta arewa, sa'an nan ta gabas. Ya tuna minti da sakan ba sa kai 60. In ya ga 75, to, na bayan ɗigo ne. Ya kuma rubuta ko daga taswira ya samo lambar ko daga waya, gama tsofaffin taswirorin Nijeriya daga Minna aka kafa awonsu, na waya kuwa dabam ne, akan sami 'yar tazara tsakaninsu. Kada hakimi ya sa hannu a takarda sai an duba lambar a taswira, an ga ta faɗa cikin gundumarsa.