Fika Da Potiskum: Rana Za Ta Iya Raba Su Da Duhu?

Masu iya magana sun ce guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Babu inda wannan magana ta fi dacewa kamar sha'anin wutar lantarki a ƙasar Fika ta Jihar Yobe. Ga Potiskum, mazaunin Mai Fika, da kasuwar shanunta wadda ta yi suna a duk Afirka ta Yamma, amma wutar da ake kunnawa a garin baƙuwa ce. Akasarinta daga tashoshin iskar gas na kudancin ƙasar nan take tasowa, ko kuwa daga madatsun ruwa na Kainji da Jebba da Shiroro, ta yi tafiyar ɗaruruwan kilomita a kan waya kafin ta iso.

Wanda ke ƙarshen waya kuwa shi ne farkon shiga duhu. A watan Janairu na 2021 'yan ta'adda suka karya turakun layin Damaturu zuwa Maiduguri, birnin Maiduguri ya yi wata da watanni ba wuta. A watan Oktoba na 2024 kuma akasarin jihohin Arewa suka kwashe kwanaki a duhu saboda lalacewar manyan layuka. A irin wannan hali mai walda da mai niƙa da mai sayar da ƙanƙara kan koma ga janareta, ga shi tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mai ya zama abin da yake cinye riba.

Wannan ne ya sa hankali ya koma kan abin da Allah ya hore wa yankin ba tare da awo ba, wato rana. Faifan sola yana mai da haskenta lantarki, batir ya adana don dare, wata na'ura kuma ta juya shi ya dace da kayan gida. Idan aka haɗa faifai masu yawa a wuri ɗaya, sai su wadatar da kasuwa ko asibiti ko ƙauye sukutum, ba tare da jiran babban layi ba.

Ba tatsuniya ba ce. A 2019 Jami'ar Bayero ta Kano ta sami tashar rana mai ƙarfin megawat 7.1 ta hannun Hukumar Samar da Lantarki a Karkara, Jami'ar Tarayya ta Gashuwa a nan Yobe ma ta shiga kashi na biyu na wannan shiri. A watan Janairu na 2023 aka buɗe wata tashar mai megawat 10 a Kumbotso ta Jihar Kano. A shekarar ne kuma aka sa hannu a kan sabuwar Dokar Lantarki wadda ta ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta a cikin iyakokinsu, Bankin Duniya kuwa ya amince da rancen dala miliyan 750 don irin waɗannan ƙananan tashoshi a Nijeriya.

Sai dai akwai darasi kusa da gida. Kogin Gongola da ya bi ta gefen ƙasar Fika shi ne aka datse a Dadin Kowa ta Jihar Gombe tun cikin shekarun 1980, amma sai da aka shafe fiye da shekara talatin kafin injunansa masu megawat 40 su fara ba da wuta. Tashar iska ta Lambar Rimi a Katsina ita ma ta sha irin wannan jinkiri. Aza harsashi dabam, ganin haske dabam.

Ita ma solar tana da nata sharuɗɗa. Ƙurar hunturu kan rufe faifai ta rage musu ƙarfi in ba a goge ba, zafin bazara kuwa yana gajarta ran batir, kuma sauya shi sai da kuɗi mai kauri. Saboda haka tun kafin a kafa tasha ya wajaba a san wanda zai kula da ita, da abin da kowane mai shago zai biya a wata, a kuma horar da samarin yankin gyaranta don kada ƙaramar matsala ta jira ma'aikaci daga Kano.

Doka ta ba da dama, rana kuwa kullum tana fitowa. Abin da ya rage wa hukumomin Yobe da 'yan kasuwar Potiskum shi ne riƙo. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.