Kula da Matatar Iskar Babur

'Yan'uwa manoma, babur shi ne ƙafarmu zuwa gona da kasuwar Wudil ta ranar Juma'a. Amma ƙurar hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, babbar abokiyar gabarsa ce.

Inji yana shaƙar iska kamar mutum. Matatar iska, wato filta, ita ce hancinsa. In ta toshe, babur zai riƙa shan mai da yawa, fulogi ya yi baƙi, ƙarfi ya ragu. In ta yage, ƙura za ta shiga ta cinye fistin, kuɗin ƙungiya ya tafi wurin bakanike.

Matatar babura irin su Yamaha DT125 ta soso ce. A cire ta, a toshe bakin kafireta da tsumma mai tsabta. A wanke ta da kananzir, ban da fetur, domin gudun gobara. A matse, kada a murɗe. In ta bushe a inuwa, a ɗiga mata sabon man inji kaɗan, a matse rarar. A cire tsumman, a mayar da ita.

Ta takarda kuwa ba a wanke ta, sai a sake sabuwa.

Lokacin ƙura a duba ta kowane mako. Rigakafi ya fi magani.