Abin da ya kamata ku sani game da koya wa yara ƙira da warware matsala

Da zarar an yanke dawa a ƙauyukan Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, yara kan kwashi kara su fere shi, su haɗa da ƙaya da tsohon silifa su ƙera mota. 'Yan mata kuwa suna ɗinka wa 'yar tsana kaya da ƙyallen da tela ya zubar. Manya kan ɗauka wannan wasa ne, wani sa'in ma shiririta. Alhali shi ne tushen darasin da makarantu a ƙasashe da dama suke ware wa lokaci da kuɗi: koya wa yaro ya ga matsala, ya ƙirƙiro mafita, ya gwada ta da hannunsa.

Me ake nufi da koyar da ƙira?

Ya bambanta da koyon sana'a. Yaron maƙeri yana koyon yin fartanya yadda ubangidansa yake yi. A darasin ƙira kuwa, tambayarsa za a yi: me ya sa ƙotar fartanyar nan take sa ciwon baya, yaya za a gyara ta? Matakan ba su da wuya. Yaro ya lura da abin da ke damun mutane, ya tambayi wanda abin ya shafa, ya kawo dabaru uku ko huɗu maimakon ɗaya, ya zana su a takarda ko a ƙasa, ya yi ƙaramin samfuri da kayan da ba su da tsada, ya gwada, ya gyara. Gwaji da gyara su ne zuciyar aikin, kuma su aka fi tsallakewa.

Akwai wanda ya yi haka a ƙasar Hausa?

Akwai. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a kwalejin fasaha ta Jigawa da ke Dutse, ya fito daga gidan magina tukwane. Ya ga yadda kayan lambu ke ruɓewa a ƙauyukan da babu lantarki, ya kuma san yadda randa ke sanyaya ruwa. Sai ya sa ƙaramar tukunya cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle. Yayin da ruwan yashin ke bin iska, sai ya tafi da zafin da ke cikin tukunyar. Yalon da ke lalacewa cikin kwana 3 ya riƙa kai kwana 27. A shekarar 2000 aka ba shi kyautar Rolex saboda wannan aiki.

Jelani Aliyu, ɗan asalin Sakkwato, tun yana yaro yake zanen motoci. Ya yi karatu a Birnin Kebbi, sannan a Detroit ta Amurka, ya shiga kamfanin General Motors inda ya zana siffar motar Chevrolet Volt. A 2017 aka naɗa shi shugaban hukumar tsara ƙirar motoci ta Najeriya.

Ba a koyar da darasin ƙira a makaranta ne?

A takarda yana nan. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun shekara 9 kyauta, kuma manhajar firamare da ƙaramar sakandare ta ƙunshi kimiyya da fasaha da kuma ayyukan hannu. Cikas ɗin yana wajen koyarwa: malami ya rubuta a allo, yara su kwafa su haddace, a yi jarrabawa. Yaro zai iya lissafa sunayen kayan kafinta bai taɓa riƙe zarto ba.

Ga kuma halin da yankin Ƙanƙara yake ciki. A ranar 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka sace ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, aka sako su bayan kwana 6. Rashin tsaro ya rufe makarantu da dama a yankin, ya kuma raba iyalai da ƙauyukansu. Darasin ƙira kuwa yana cikin 'yan kaɗan da ba sa jiran gini, lantarki ko kwamfuta. Ana iya yin sa a zaure, a tsakar gida, ko bayan an tashi daga makarantar allo.

Da me za a fara?

Da matsalar da yaro ke gani kullum. Ga misalai uku.

Tumatir: a haɗa tukunya cikin tukunya, a sa tumatir ɗaya ciki, a bar ɗaya a waje, yara su riƙa dubawa kowace safiya suna rubutawa. Idan aka yi da rani aka sake yi da damina, za su gano da kansu cewa dabarar ta fi aiki idan iska ta bushe.

Laka: Ƙanƙara ta yi suna da farar ƙasa, wadda masana'antu ke amfani da ita wajen yin fenti, takarda da tangaran. Yara su kwaɓa laka iri uku, zalla, mai yashi da mai ƙaiƙayi, su yi ƙananan tubala su shanya, su ga wanne ya tsage, wanne ya jure nauyi.

Hatsi: yankin Funtua gidan masara ne, ƙwari kuma ba sa ɗaga mata ƙafa. A zuba masara a kwalba biyu, a toshe ɗaya gam, a bar ɗaya a buɗe. Bayan makonni yara za su fahimci dalilin da ya sa buhun adana hatsi mai ninki uku ke kashe ƙwari ba tare da magani ba: iska ce ke ƙare musu.

Mene ne aikin iyaye da malamai?

Mafi wuya shi ne kame baki. Idan tayar motar kara ta fice, kada ka karɓa ka gyara, kada kuma ka ce “ba ka iya ba”. Ka ce, “Yarona, me kake gani ya sa ta fice?” Ka bar shi ya nemo amsar. Yaron da ake yi wa dariya ko duka idan abinsa ya lalace, zai daina gwadawa ya koma kwaikwayo.

A haɗa su uku-uku ko huɗu-huɗu, kowa ya faɗi dabararsa kafin a zaɓi ɗaya. Kada a ware 'yan mata. Su ne ke ɗebo ruwa da hura murhu, don haka sun fi kowa sanin inda gammo yake ciwo da irin murhun da ke cin itace. A gayyato magini, tela, mai walda ko mai gyaran waya na unguwa ya zo ya amsa tambayoyi. Wuƙa, wuta da batir sai da babba a wurin, kuma kada a aiki yaro daji neman kayan aiki. Abin da ke cikin gida ya isa.

Yaya za a san ana ci gaba?

Kyan abin da yaro ya yi ba shi ne ma'auni ba. Hausawa na cewa in ba ƙira, me ya ci gawayi: a nemi ganin aikin, a gwada shi a gaban kowa. Sannan a yi wa yaron tambaya uku: wa ka yi wa wannan, me ya ƙi yi a karon farko, me ka canza? Wanda ya iya amsa su ya koyi darasin, ko da samfurinsa na kara ne da laka.