Sawun Kira a Zuciyar Kwamfuta: Wa Ya Aiko?

A bisa al'ada, manhaja ba ta taɓa faifan ajiya ko layin intanet da hannunta. Dole ta roƙi kanel, wato zuciyar tsarin da ke tafiyar da na'ura, irin Linux da Linus Torvalds ya fara a 1991. A cikin kanel kuwa, wannan aiki yana kiran wancan, kowane kira yana ajiye adireshin da za a koma idan an gama. Idan abu ya lalace, ana iya buga wannan tarin adireshi daga na ƙarshe zuwa na farko. Injiniyoyi suna karanta shi kamar masu bin sawu, kuma a saman rahoton Linux akwai lambar shirin da ke gudana da sunansa a bayan kalmar Comm. A ganina, babban kuskure shi ne ɗaukar wannan suna a matsayin mai laifi. Sawun yana faɗin hanyar da aka bi da gaskiya, amma ba kullum yake faɗin wanda ya aiko ba.

Sunan da kansa ba abin dogaro ba ne. Haruffa 15 kawai yake ɗauka, kuma shiri na iya sauya shi da kansa, don haka manhajar ɓarna tana iya aron sunan mutunci. Matsala mafi zurfi ita ce lokaci. Idan katin intanet ya katse na'ura domin saƙo ya iso, kanel yana amsawa a kan duk shirin da ya tarar yana gudana, wanda wataƙila bai san hawa ba bai san sauka ba. Sawun giwa ya take na raƙumi ke nan. Haka rubutun fayil: manhaja ta miƙa bayanai ta wuce, sai bayan daƙiƙoƙi wani ma'aikacin kanel mai suna kworker ya kai su faifai. Wanda ya duba a lokacin, kworker zai gani, alhali ɗan aike ne.

Wani zai ce lambar shirin ta isa. Ba ta isa ba, domin ana sake raba ta bayan shiri ya mutu, kuma ba ta nuna wane ɓangare na manhajar ne ya yi kiran. A Maris 2024, injiniya Andres Freund ya lura sshd, shirin da ke karɓar masu shiga na'ura daga nesa, na cin ƙarfin na'ura fiye da kima. Da ya tsaya a sunan, da sshd zai zarga. Sai ya auna da manhajar awo perf, ya ga lokacin yana tafiya ne a cikin liblzma, wani ɓangare na manhajar matse fayil mai suna xz, a wurin da perf ta kasa sanya wa suna. Daga nan asirin ƙofar ɓoye da aka dasa a xz ya tonu.

Abin da ake buƙata shi ne sawu cikakke, daga cikin kanel har zuwa cikin manhajar, a kuma kama shi tun lokacin da roƙon ya shigo, aikin da fasahar kanel mai suna eBPF ke sauƙaƙawa. Ɓangaren kanel ya samu gyara a 2017, lokacin da tsarin bin sawu mai suna ORC na Josh Poimboeuf ya shiga Linux 4.14. Ɓangaren manhajoji ne ya daɗe a tsinke, saboda shekara da shekaru ana gina su ba tare da manunin da ke haɗa kira da kira ba, don neman ɗan sauri. Masu adawa da dawo da shi sun ce kowa zai biya kuɗin abin da injiniyoyi kaɗan ke amfani da shi. Hujjarsu tana da nauyi, domin akwai ayyukan da jinkirin ke bayyana a cikinsu. Sai dai matsalar da aka kasa gano tushenta ita ma kowa ke biyanta, a batirin da ke ƙarewa da sabar da ke tsayawa. Cikin nau'o'in Linux, Fedora ta dawo da manunin a fitowarta ta 38 a 2023, Ubuntu ta bi sahu a fitowarta ta 24.04.